Halin mawaƙi da kunnen mai sauraro: tambaya daga Gadarif

Ɗan Gadarif ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Tambayata ita ce: idan mutum ya san wani abu game da rayuwar mawaƙi, mai kyau ko mummuna, shin daidai ne wannan sanin ya canja yadda yake jin waƙoƙinsa, ko kuwa zalunci ne ga waƙar da ba ta yi wa kowa laifi ba?

Abin da ya jawo tambayar shi ne wani mawaƙin Hausa na ƙasar nan ta Sudan, wanda ba zan ambaci sunansa ko garinsu ba. Da wuya a yi bikin aure a unguwanninmu ba a saka waƙoƙinsa ba, kuma mafi yawansu a kan riƙon amana ne tsakanin miji da mata, da haƙurin zama da juna a halin samu da halin rashi. Bayan da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, sai labari ya bazu cewa ya tsallake ya bar ƙasar, ya bar matarsa da 'ya'yansa a hannun dangi ba aike ba saƙo, alhali ana ganinsa a waya yana wasa a bukukuwan masu hali a can inda ya sauka. Tun daga lokacin, idan waƙarsa ta tashi a cikin raksha, wato babur ɗin haya mai ƙafa uku, ko a wurin mai shayi, murya tana nan yadda take, kiɗa yana nan yadda yake, amma baitocin da a da suke ratsa ni yanzu ba na jin komai a cikinsu sai ciniki.

Na yi wa yayana wannan magana, sai ya ce ni ne na ɗora wa kunnena aikin alƙali, kuma waƙa idan ta fita daga bakin mai ita ta zama ta jama'a. Ya kafa mini hujja da iyayenmu, waɗanda suka saurari Mamman Shata tsawon rayuwarsu, suna sane da abubuwan da ake faɗa a kansa, ba su kuma taɓa kashe rediyo saboda haka ba. Ban sami amsar da zan ba shi ba, amma zuciyata ba ta yarda ba. Ina roƙon waɗanda suka fi ni shekaru da sani su warware mini wannan al'amari.

Baba Mai Rediyo, Mai Wurno, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka sakaya sunan mutumin. Yayanka ya faɗi rabin gaskiya, domin ya ga mun saurari Shata, amma bai tambayi abin da muke nema a wurin Shata ba.

A garinmu, wanda waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa a gaɓar Nilu kusa da Sinnar, waƙoƙin ƙasar Hausa suna iso mana ne ta Rediyon Kaduna idan dare ya yi iska ta kwanta, daga baya kuma ta kaset ɗin da alhazai suke sayowa a Makka. Tare da waƙoƙin, mun gaji kuma yadda kakanninmu suke kallon masu yin su. Makaɗi a ƙasar Hausa yana da matsayinsa sananne: sana'arsa roƙo ce, ana yi masa kyautar riga da doki da kuɗi, ana tsoron bakinsa, amma ba a gabatar da shi limanci, ba a zuwa wurinsa neman fatawa, kuma gidaje da yawa ba sa ba shi auren 'yarsu. Shi kansa Shata sai da mahaifinsa ya yi ta hana shi waƙa saboda yana ganinta roƙo ce da ba ta dace da gidansu ba. Idan Narambaɗa ya wasa Sarkin Gobir na Isa, ko Ɗanƙwairo ya wasa Sardauna, kowa ya san a inuwar wa makaɗin yake ci yake sha, don haka babu mai ɗaukar yabon a matsayin shaidar da za a kai gaban alƙali. Abin da ake saurare shi ne azanci, da zaɓen kalma, da yadda habaici yake sauka a kan abokin hamayya ba tare da an kama suna ba, da yadda magana take hawa kan kotso ba ta zame ba.

Shata bai ɓoye kansa ba. Ya yi waƙar da kowa ya sani a kan shan abin da addini ya hana, ya kuma yi waƙar yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, kuma da murya ɗaya da kalangu ɗaya ya yi su duka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, da ya rasu a 1999 kuma aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Duk waɗanda suka girmama shi sun san wane ne shi. Tun da bai taɓa tsayawa a gabanmu da rigar mai wa'azi ba, babu ranar da muka wayi gari muka ji an yaudare mu.

A nan ne naka mawaƙin ya bambanta da Shata. Wanda ya ce shi maroƙi ne, idan ka same shi yana roƙo ba ka kama shi da laifin komai ba. Amma wanda ya gina sunansa a kan koya wa ma'aurata riƙon amana, har amare suna kuka idan an saka waƙarsa ranar kai su ɗaki, to ya jingina waƙarsa da halinsa, kuma da hannunsa ya yi jinginar. Idan halin ya rushe, waƙar za ta karkace, kuma ba kunnenka ne ya karkatar da ita ba.

Kada kuma ka ɗauka cewa sanin rayuwar mawaƙi ragi kawai yake yi wa waƙa, domin sau da yawa ƙari yake yi mata. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa tun yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ne ya riƙe shi. Idan ka san haka, sannan ka ji shi da kuntiginsa, shi kaɗai babu 'yan amshi, yana waƙar yaran mota da leburori da yarinyar da aka yi wa auren dole, za ka ji mutum ne da ya san zafin rashin gata yake magana a kan marasa gata. Da ɗan sarauta ne ya rera baitocin nan, da sun yi daɗi, amma da ba su yi wannan nauyin ba. Shi ya sa Hausawa suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abu guda da ya bambanta zamaninmu da naku shi ne mu sau da yawa ko fuskar mawaƙi ba mu sani ba, kaset ne da aka kwafa daga wani kaset, an rubuta suna da biro. Ku kuwa kuna ganin abincin da ya ci da motar da ya shiga kafin ku ji sabuwar waƙarsa. Ban ce namu ya fi ba, amma kunnenmu ya fi naku hutawa.

Hajiya Inna ta Kasala ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, sai dai akwai inda nake so in tsaya, wato inda ka ce jama'a sun bar wa makaɗi halinsa sun ɗauki azancinsa. Wannan rangwamen maza aka yi wa. Mace idan ta buɗe baki ta yi waƙa a bainar jama'a, ba a ma jiran a ji wani labari a kanta, waƙar kanta ita ce laifin, kuma daga nan duk baitin da ta rera sai a fassara shi da zargin da aka riga aka ɗora mata.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'ishatul Fallatiya, a nan yankin Kasala aka haife ta, iyayenta Hausawa ne da hanyar aikin hajji ta kawo su ƙasar nan, mahaifinta kuma malami ne mai makarantar allo a Umdurman, inda ita ma ta yi karatun Alƙur'ani. Da ta fara waƙa a gidajen biki, mahaifin bai yarda ba, ya aurar da ita don ta daina, auren ya mutu, ta koma waƙarta. Ta je Alƙahira ta yi faifai, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942 kuma ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, 'yar'uwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata ud, wato molon Larabawa. Ta rasu a 1974. Yau duk Bahaushen Sudan da ake gardama da shi a kan ko mu 'yan ƙasa ne, sunanta yake fara kawowa, kuma yana da gaskiya. Amma ku tambayi tsofaffin matan da suka rage yadda ake ambatonta a cikin gidajenmu tana da rai. Kakata tana rage muryar rediyo idan an sako ta maigida yana nan, tana ƙarawa idan ya fita, kuma abin da ake faɗa a zaure shi ne 'yar malam ta zubar da mutuncin gidansu.

Rayuwar tata ɗaya ce, ba ta canja ba tun da ta koma ga Mahaliccinta. Labarin da ya sa mutanen wancan zamani suke jin rashin kunya a muryarta, wato 'yar malami ce da ta ƙi zaman aure ta zaɓi waƙa, shi ne dai labarin da ya sa jikokinsu suke jin jarumta a cikin muryar. Saboda haka idan muka ce halin mawaƙi yana shiga cikin waƙarsa, sai mu ƙara da cewa ma'aunin da mai sauraro yake riƙe da shi ma yana shiga, kuma ma'aunin nan yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, yana kuma tauye mata fiye da maza. Haka aka yi wa Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Maza da yawa ba su ji komai a kiɗan ƙwaryarta ba sai batsa, matan kulle kuwa sun ji mace irinsu, wadda ta yi aure ta haifi 'ya'ya ta san kishi, tana ce musu su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji.

Game da mawaƙinka kuma, ɗana, ban ce ka yi kuskure ba. Idan labarin gaskiya ne, akwai mace guda da ta fi mu duka haƙƙin a tambaye ta yadda take jin waƙoƙin nan, ita ce wadda aka bari da yara a gidan dangi, wadda wataƙila maƙwabta suna saka waƙar mijinta ta riƙon amana tana ji ta katanga. Abin da nake roƙo kawai shi ne wanda zai ƙaurace wa wannan mawaƙi ya duba ko zai yi haka ga kowane namiji da ya yi irin wannan aiki, ko mawaƙi ne ko ɗan kasuwa, kuma wanda zai yi masa uzuri ya duba ko zai yi wa mace mawaƙiya irin wannan uzurin da ita ce ta tafi ta bar 'ya'ya.

Malamin Makaranta, Bur Sudan, ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ni ina ɓangaren yayan mai tambaya fiye da yadda kuke, kuma dalilina yana cikin yadda ake ƙera waƙa a ƙasar nan.

Shata shi ne mai baiti, shi ne mai karin murya, shi ne mai rerawa, sau da yawa ma a tsaye a filin wasa yake ƙaga waƙar, don haka wanda ya nemi Shata a cikin waƙar Shata bai ɓata hanya ba. Waƙar Sudan ta zamani ba haka take ba. Akwai sha'irin da ya rubuta baitoci, akwai wanda ya sa musu kari, akwai fannan, wato mawaƙin da ya rera, kuma sau da yawa mutum biyu ne ko uku. Muhammad Wardi ya rera baitocin Isma'il Hasan da na Mahjub Sharif, Mustafa Sid Ahmad ya rera na Hummaid da na Azhari Muhammad Ali da wasunsu. Mawaƙan Hausa na yanzu ma da yawansu sayen baiti suke yi, ko a rubuta musu a situdiyo. Zai yiwu ƙwarai baitocin riƙon amanar da suka daina ratsa ɗan'uwanmu wani bawan Allah ne ya rubuta su, wanda yake zaune da iyalinsa yana shan wahalar yaƙin nan tare da su. In haka ne, an hukunta mai gaskiya da laifin wanda ya ari bakinsa.

Duk da haka ba zan musa cewa mai sauraro yana cusa rayuwar mai rerawa a cikin baitin da ba shi ya rubuta ba, domin a kan Mustafa Sid Ahmad na ga haka da idona. Malamin makaranta ne daga Wad Sulfab a Jazira, ciwon ƙoda ya kama shi, aka yi masa dashe a Mosko, ya zauna a Alƙahira, ya ƙare a Doha inda ya rasu a watan Janairun 1996. Mafi yawan abin da muke da shi nasa ba a gidan rediyo aka ɗauka ba, zaman ɗaki ne da ud, kaset yana yawo hannu da hannu a tsakanin ɗalibai. Baitocin da ya rera a kan ƙaura da kewar gida da ciwon talaka, sha'irai sun rubuta su ne a kan Sudan gaba ɗaya, amma mu da muka san yana kwance ana wanke masa jini a ƙasar da ba tasa ba, kowane baiti sai muka mai da shi labarinsa. Ranar da aka kawo gawarsa, jama'ar da ta tarbe ta a filin jirgin Hartum ta nuna cewa ba murya kaɗai mutane suke bi ba. Haka Talal Maddah na Saudiyya, wanda ya faɗi a kan dandamali a Abha a watan Agustan 2000 yana riƙe da ud, rai ya yi halinsa a gaban masu kallo: waƙar da yake rerawa a lokacin ta soyayya ce, amma tun daga ranar mutane suke jinta kamar ta bankwana.

To, idan mun yarda ciwo da mutuwa su ƙara wa waƙa abin da marubucinta bai zuba ba, na san ba mu da bakin hana mugun hali ya rage mata. Inda nake jan hankali shi ne hukuncin da ake yankewa da zafi ba ya daɗewa. Wardi ya yi waƙoƙin juyin Oktoba na 1964 da ya kifar da mulkin soja, sannan ya yi wa mulkin sojan Ja'afar Numairi waƙa a farkonsa bayan Mayun 1969, sannan mulkin nan ya jefa shi kurkuku, bayan 1989 kuma ya yi shekaru yana gudun hijira kafin ya dawo a 2002. A kowane mataki akwai waɗanda suka rantse sun gama da shi, ko don ya yabi soja, ko don ya bi 'yan gurguzu, ko don ya dawo alhali gwamnatin da ya guje wa tana nan. Da ya rasu a 2012, duk waɗannan ɓangarori sun yi makokinsa, kuma waƙoƙinsa na Oktoba su ne matasa suka riƙa rerawa a zaman dirshan masu zanga-zanga na 2019 a Hartum. Rayuwar mutum doguwa ce, abin da muka sani a kanta yau wani yanki ne.

Akwai kuma wani abu da ya sa nake tsoron a saba da auna mawaƙa da ma'aunin ɗabi'a a bainar jama'a. A 1994 wani mutum ya shiga kulob ɗin mawaƙa a Umdurman da wuƙa, ya kashe Khojali Usman, ya raunata Abdulƙadir Salim, a zamanin da ake ta huɗuba cewa masu waƙa fasiƙai ne. Ban haɗa ɗan'uwanmu da wannan ba ko kusa, amma mu da muka ga wancan zamani muna ɗari-ɗari da duk maganar da ta fara da cewa mawaƙi wane ba mutumin kirki ba ne.

Ɗan Gadarif ya sake rubutawa:

Na gode, Malam. A kan batun mai baiti, mutumin da nake magana a kansa yana faɗa da bakinsa a wurin biki cewa shi yake rubuta waƙoƙinsa, har yakan ce da matarsa yake idan yana yabon mace mai haƙuri, jama'a su yi ta guɗa ana yi masa liƙi. Da ya ce aron baki ya yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Maganar Hajiya kuma ta sa ina son a ƙara mini haske a kan abin da ya wajaba in yi, ba abin da nake ji kawai ba, domin bikin ƙanwata yana tafe kuma waƙoƙinsa suna cikin waɗanda 'yan mata suka zaɓa.

Malam Na Halwa, Damazin, ya amsa:

Bismillahi. Ba zan shiga saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa ba, domin ba shi aka tambaya ba, kuma kowa ya san inda malaminsa ya tsaya. Zan yi magana ne a kan labarin da kuma abin da za a yi da shi.

Kafin komai, ɗana, ka ce labari ya bazu. Aya ta 6 a cikin Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da mutane a kan jahilci, aya ta 12 kuma ta hana mu yawan zato da cin naman junanmu. A wannan yaƙi mun ga magidanta da yawa da suka fita neman abin da za su aiko, hanyar aike ta yanke, waya ta katse wata da watanni, aka yi ta zaginsu alhali suna can suna kwana a masallaci. Hoton mutum yana waƙa a gidan biki ba ya nuna inda kuɗin ya tafi. Idan ba daga bakin matar ko waliyyanta ka ji ba, abin da ke hannunka zato ne. Haka kuma ina tunatar da mu duka, har da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, wanda ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Na san Baba ba zagi ya yi ba, abin da mai waƙar ya bayyana da kansa ya faɗa, amma masu karatu ba duka suke da taka-tsantsan irin nasa ba.

Su kansu malamanmu sun san cewa labarin mai waƙa yana tafiya tare da waƙarsa. Burda ta Imam Busiri, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 13 na Miladiyya, ba a karantar da ita sai an ba da labarin da aka ruwaito cewa ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi yabon, ya ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, a mafarki ya lulluɓe shi da mayafi, ya tashi ya warke, kuma saboda wannan labari ne ake karanta ta a kan marasa lafiya. Ka'abu ɗan Zuhairu ya yi wa Manzon Allah zambo kafin ya zo ya tuba ya rera yabonsa a gabansa, kuma tubar ce ta ba ƙasidar darajar da take da ita. Wanda ya san Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, idan ya ji Imfiraji tana bayanin ƙabari da hisabi da kewar Madina, zai ji ta daban da wanda bai sani ba. Amma waɗannan malamai dai su ne suke zaunar da almajirai a zaure su karantar da su waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, wanda ya mutu a jahiliyya kuma baitocinsa cike suke da giya da neman mata, saboda ana neman lugga da fasaha a wurinsa, ba a neman shiriya. Sun raba abin da ake ɗauka a wurin kowane mutum, kamar yadda mai ɗiban ruwa yake sanin rijiyar sha da rijiyar wanki.

A kan bikin ƙanwarka, ina ganin akwai bambanci tsakanin abubuwa uku da ake cakuɗawa. Abin da zuciyarka take ji idan waƙar ta tashi ba a hannunka yake ba, ba kuma za a tambaye ka a kansa ba, don haka kada ka tilasta wa kanka jin daɗin abin da ya daina yi maka daɗi. Yaɗa labarin kuwa a hannunka yake, kuma ban ga hujjar da za ta sa ka tara 'yan matan biki ka ba su dalilin cire waƙoƙinsa ba, domin ranar farin cikin ƙanwarka za ta koma zaman gulmar wani gida, matar da Hajiya ta tausaya wa kuma asirinta ne zai ƙara tonuwa. Na uku shi ne kuɗi. Saka waƙar da ta riga ta shiga wayar kowa ba ta ƙara masa ko fam ɗaya, amma da a ce gayyatarsa za a yi, ko a aika masa kuɗi ya yi wa amarya waƙa ta musamman da sunanta, kamar yadda ake yi yanzu ta waya, a nan kana da damar ka ce a dakata sai an tabbatar. Idan ya tabbata cewa ya yi watsi da iyalinsa, dattawan unguwarsu da waliyyan matar su ne za su neme shi a kan ciyarwa, domin haƙƙi ne da shari'a ta ɗora masa ko yana waƙa ko ba ya yi, kuma idan akwai wanda ya san dangin matar a cikin masu karanta wannan zaure, abin da aka yi niyyar liƙa wa mijin a wurin biki ya fi dacewa a kai mata shi hannu da hannu.